Sukari da Faculi: Nazari a kan Yadda Aka Haɗa Turaren Angel na Thierry Mugler

A shekarar 1992 wani turare ya fito a shagunan birnin Paris a cikin kwalba mai siffar tauraro, ruwansa shuɗi-shuɗi kamar sararin sama bayan an ɗauke ruwa, kuma tun da wuri mutanen da suka shinshina shi suka rabu gida biyu. Wasu suka ce ba su taɓa jin ƙamshi mai jan rai irinsa ba, wasu kuwa suka kau da kai suka ce wannan ai kayan zaƙi ne aka narkar aka ɗura a kwalba. Sunan turaren Angel, wato mala'ika, kuma na gidan ɗinkin Thierry Mugler ne. Masana tarihin turare suna ɗaukarsa a matsayin wanda ya buɗe wani sabon reshe a wannan sana'a, reshen da Faransawa suke kira da kalmarsu ta gourmand, wadda asalinta take nufin makwaɗaici mai son daɗin baki. Saboda haka a wannan rubutu zan riƙa cewa turaren kwaɗayi, wato turaren da ƙamshinsa yake tuna wa mutum abin ci, kamar alawa da cakulan da zuma da ƙonannen sukari.

Kafin a gane girman kasadar da aka yi, sai an san inda kasuwa ta dosa a lokacin. Shekarun 1980 zamani ne na turaruka masu nauyi da cika ɗaki, irin su Giorgio Beverly Hills na 1981 da Poison na gidan Dior wanda ya fito a 1985, kuma da shekarun 1990 suka kama, masu saye a Turai da Amurka sun ƙoshi da wannan nauyi har sun fara juya masa baya. Abin da ake yayi shi ne ƙamshi mara nauyi, mai kama da ruwa da iskar bakin teku da jikin da ya fito daga wanka. Escape na Calvin Klein ya fito a 1991, L'Eau d'Issey na Issey Miyake ya fito shekara ɗaya da Angel, sannan CK One ya biyo baya a 1994. Duk ɗan kasuwar da aka nemi shawararsa a wannan lokaci, cewa zai yi a bi ayari a zauna lafiya.

An haifi Thierry Mugler a 1948 a Strasbourg, birnin da yake gabashin Faransa daf da iyakar Jamus. Tun yana ɗan shekara 14 ya shiga ƙungiyar masu rawa ta gidan wasan opera na yankin kogin Rhine, kuma wannan horo na dandali bai bar jikinsa ba ko bayan da ya koma Paris ya kafa gidan ɗinkinsa a shekarun 1970. An san tufafinsa da faɗin kafaɗa da matsattsen ƙugu, an kuma san shi da mayar da bikin nuna kaya ya zama gagarumin wasa, kamar wanda ya shirya a zauren Zénith a 1984 a gaban 'yan kallo kimanin 6,000. Mutum irin wannan ba zai yarda turarensa na farko ya zama mai rakuɓewa a lungu ba. A 1990 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin kayan shafa na Clarins, aka kafa sashen turare da sunansa, aka ɗora Vera Strübi, 'yar ƙasar Suwizalan, a kan shugabancinsa. Ita ce ta tsaya tsakanin mafarkin mai ɗinki da lissafin masu kuɗi, kuma a ganina ana yawan tauye mata haƙƙi idan ana ba da wannan labari, domin ba don tsayin dakanta ba da an rarrashi turaren har ya koma kamar na kowa.

Mugler bai zo wa masu haɗa turare da jerin furannin da yake so ba. Abin da ya kawo musu shi ne tunanin ƙuruciyarsa: ƙamshin filayen wasa da kasuwannin biki inda ake kaɗa alawar auduga, ana toya 'ya'yan itatuwa cikin sukari, ana dafa cakulan a cikin sanyi. Wanda ya san cewa Strasbourg tana da kasuwar Kirsimeti da ake ci tun daga 1570 zai fahimci inda wannan ƙamshi ya samo saiwa a zuciyarsa. Burinsa shi ne a samar da ƙamshin da wanda ya ji shi a jikin wani zai ji kamar ya kai baki. Aikin ya faɗa hannun kamfanin Quest, inda Yves de Chiris ya zama mai sauraren Mugler yana fassara hirarsa zuwa yaren sana'a, Olivier Cresp kuma ya zama mai auna sinadarai da haɗa su. Faransawa suna kiran mai irin aikin Cresp da laƙabin hanci, kuma shi ɗan gado ne, domin an haife shi a 1955 a Grasse, garin da yake cibiyar turaren Faransa, a cikin iyalin da suka daɗe suna cinikin kayan haɗa turare.

Cresp bai fara daga sukari ba, kuma wannan shi ne abin da masu kwaikwayo da yawa suka kasa lura da shi daga baya. Yana da wani haɗi da ya riga ya yi wanda ƙashin bayansa faculi ne da banila, kuma a kan wannan harsashi aka ɗora sauran ginin. Faculi tsiro ne ɗan dangin na'ana'a da ɗoɗɗoya, kuma mafi yawan man da duniya take amfani da shi daga Indunusiya yake fitowa, musamman tsibiran Sumatra da Sulawesi. Ana yanko ganyensa a shanya shi, a bar shi ya ɗan yi laushi a tsibe, sannan a turara shi da tururi a tace man. Man yana da kauri da duhu, ƙamshinsa kuwa yana kama da ƙasar da ruwan farko ya jiƙa, da tsohon akwatin katako, da ɗan kafur a sama-sama, sannan can a ƙasa akwai wani ɗaci mai kama da garin koko wanda ba a sa wa sukari ba. Turawa sun san shi ne tun ƙarni na 19, lokacin da ake cusa busasshen ganyensa a cikin ɗaurin mayafan Indiya domin kare su daga asu, har ƙamshin ya zama shaidar cewa mayafi na asali ne. A shekarun 1960 da 1970 matasa masu bijire wa al'ada a Amurka da Turai suka rungume shi, sai darajarsa ta zube a idon masu hannu da shuni. Cresp ya ɗauko wannan mai da aka fara rainawa ya zuba shi da yawan da ya wuce yadda aka saba gani a turaren mata.

Ɗaya ɓangaren haɗin shi ne wani farin gari mai suna etil maltol. Yayansa, wato maltol, an fara gano shi a ɓawon wata bishiya a 1861, kuma yana fitowa da kansa a duk lokacin da aka gasa hatsi ko burodi ko aka ƙona sukari. Etil maltol kuwa a ɗakin gwaji ake yin sa, kamfanin Pfizer ne ya fito da shi a shekarun 1960, ya fi maltol ƙarfi ninki-ninki, kuma gidajen yin alawa da biskit da lemon kwalba ne suka fi amfani da shi. Ƙamshinsa shi ne ainihin ƙamshin alawar auduga da na 'ya'yan itace da ake dafawa cikin sukari. A lokacin ana kallonsa a matsayin kayan masu ɗanɗano, ba na masu turaren alfarma ba, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya mamaye haɗi gaba ɗaya.

Gaskiya ne cewa zaƙi ba baƙo ba ne a turaren Faransa. Tun da aka iya haɗa sinadarin kumarin, mai ƙamshin busasshiyar ciyawa da ɗan zaƙi, a 1868, da na banilin, wanda shi ne tushen ƙamshin banila, a 1874, gidan Guerlain ya yi amfani da su a Jicky na 1889, sannan ya cika Shalimar na 1925 da banila. Shi kansa etil maltol ya riga ya bayyana a Vanilia, wanda gidan L'Artisan Parfumeur ya fitar a 1978, sai dai wannan ƙaramin gida ne mai 'yan tsirarun masu saye. Bambancin shi ne, a waɗancan turaruka na dā zaƙi shimfiɗa ne da furanni da lemo suke zaune a kai, ana jin sa daga ƙasa ba tare da an ce ga abinci ba. A cikin Angel kuwa abincin ne ya fito fili ya zauna a kujerar gaba, furanni suka koma baya har da ƙyar ake jin su. Turaren mata mai tsada wanda ba wardi ko yasmin ne zuciyarsa ba, a 1992 abu ne da ake gani kamar an yi miya ba gishiri.

Sirrin Angel yana cikin rigimar da ke tsakanin waɗannan abubuwa biyu. Idan aka bar etil maltol da banila su kaɗai, ƙamshin zai yi daɗi na minti biyar, sannan ya gundiri mai shi ya tayar masa da zuciya, kamar yadda zallar sukari take yi a baki. Idan aka bar faculi shi kaɗai da wannan yawa, zai yi duhu da nauyi da warin gumi. Amma da aka gwama su, ɗacin koko da ke cikin faculi ya haɗu da ƙonannen sukari ya haifar da abin da hanci yake ɗauka cakulan ne, kafur ɗin faculi kuma ya riƙa yanka zaƙin yana hana shi kwanciya. Babu wanda ya haɗiye ɗan'uwansa a cikinsu, kullum ana jin su biyu suna ja-in-ja, ɗaya na yara ɗaya na manya, ɗaya mai laushi ɗaya mai kaushi irin na turaren maza. Wannan hikima ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tashi a ƙasar Hausa. Matar da take daka nakiya ba ta barin shinkafa da zuma su tafi su kaɗai, sai ta sa citta da kanumfari da masoro, domin ta san yajin ne yake sa a ci a sake miƙa hannu. Haka masu haɗa turaren wuta a Maiduguri da Kano suke narka sukari su cakuɗa shi da itacen sandal da mayukan turare, kuma idan ya hau garwashi, ƙamshin itacen ne yake riƙe zaƙin sukarin ya hana shi zama ƙauri. Cresp ya isa wannan wuri ta hanyar ma'auni da kwalaben gwaji, bayan ɗaruruwan haɗe-haɗe da aka yi ta kai wa Mugler da Strübi suna mayarwa a gyara.

Idan aka fesa shi a fata, abin da yake fara dukan hanci shi ne kaifin bagamot, wani lemo da ake nomawa a yankin Kalabiriya na kudancin Italiya, tare da wani sanyi mai kama da na ƙarfe ko kankana wanda sinadaran zamani suke bayarwa. Wannan buɗewa tana da tsauri, kuma a nan ne mafi yawan waɗanda suka ƙi turaren suka yanke masa hukunci. Bayan kamar rabin sa'a sai 'ya'yan itatuwa ja da zuma su bayyana, zumar kuma ba mai tsabta fes ba ce, tana da ɗan wari na jiki wanda yake sa ƙamshin ya zama na ɗan Adam. Daga nan sai a gangara zuwa gindin, inda faculi da banila da kumarin da ƙonannen sukari suke zama na sa'o'i masu yawa. Turare ne mai ƙarfin gaske, yana riga mai shi shiga ɗaki, yana kuma zama bayan ya fita. A ƙasa mai zafi irin tamu wannan ƙarfi yana ninkuwa, domin zafi yana tayar da ƙamshi da sauri, saboda haka feshi ɗaya ya isa a lokacin bazara, kuma ya fi nuna kyansa a daren hunturu, yanayin da ya fi kusa da sanyin da aka yi tunaninsa a ciki.

Kwalbar ma ta ba da tata wahalar. Tauraro alamar Mugler ce tun da daɗewa, kuma ya dage sai an yi masa tauraro mai tsini biyar waɗanda ba su yi daidai da juna ba, mai fuskoki kamar yankakken lu'ulu'u. Narkakken gilashi ba ya son shiga lungu mai tsini, yakan taru a wani wuri ya yi siriri a wani, don haka sai da masana'antar gilashi ta Brosse ta ɓullo da sabuwar dabarar zubi kafin a samu abin da ake so. Kwalbar ta fito da tsada ƙwarai, kuma daga wannan matsala aka samo wata dabara da ta zama alamar gidan: tun daga shekarun 1990 mai saye yana iya komawa shago da kwalbarsa idan ta ƙare a sake cika masa daga wata ma'ajiya da ake ajiyewa a kan kantar shagon, a farashin da bai kai na sabuwa ba. Wanda ya saba zuwa wurin mai turaren awo da 'yar kwalbarsa ba zai ga abin mamaki a nan ba, amma a manyan shagunan Paris na wancan lokaci sabon abu ne, kuma ya sa mai saye yana dawowa wuri ɗaya shekara da shekaru. Launin shuɗi shi ma saɓa wa al'ada ne, domin ruwan turaren alfarma launin zinariya aka san shi da shi, kuma hanci yana sa ran sanyi idan ido ya ga shuɗi, sai ya tarar da ɗumin ɗakin girki.

Angel bai yi tashin gwauron zabo a kasuwa ba. An fara sayar da shi a zaɓaɓɓun shaguna kaɗan, aka horar da masu sayarwa su sa mutum ya gwada shi a fatarsa ya tafi da shi gida maimakon ya yanke hukunci a kan takarda, kuma mafi yawan tallarsa matan da suke sa shi ne suka yi, domin ƙamshi ne da ba a rikita shi da wani, duk inda ya gifta sai an tambayi sunansa. A hankali ya riƙa hawa, har a ƙarshen shekarun 1990 ya kai ga yin kafaɗa da kafaɗa da Chanel N°5 a kan gaba a kasuwar Faransa, shahararren turaren da yake kasuwa tun 1921. A 1996 aka fitar da na maza mai suna A*Men, wanda Jacques Huclier ya haɗa da ƙamshin gahawa a kan irin wannan harsashi, sannan Alien ya zo a 2005. A 2003 Clarins ya rufe sashen tufafin gidan saboda asara, amma turaren ya ci gaba da ɗaukar nauyin sunan. A 2020 kamfanin L'Oréal ya saye gidan, Mugler kuma ya mutu a watan Janairun 2022 yana da shekara 73.

Nasara irin wannan tana jawo masu kwaikwayo, kuma kwaikwayon turare ba shi da wuya a zamanin da ake da na'urorin da suke rarrabe ruwa zuwa sinadaransa su faɗi yawan kowanne. Kamfanin Mugler ya kai gidan Molinard ƙara gaban kotun kasuwanci ta Paris a kan turarensu mai suna Nirmala, kuma a 1999 kotun ta karɓi hujjar cewa haɗin ƙamshi yana iya zama aikin basira da doka take karewa kamar yadda take kare sauran ayyukan fasaha. Wannan matsayi bai ɗore ba, domin a watan Yunin 2006, a wata shari'a daban, kotun ƙoli ta Faransa ta yanke cewa ƙamshin turare ƙwarewar sana'a ce kawai, ba ya cikin abin da haƙƙin mallakar fasaha ya shafa. A cikin wannan wata kuma kotun ƙoli ta Holan ta yanke akasin haka a shari'ar da ta shafi turaren Trésor na Lancôme. Ni dai ina ganin kotun Faransa ta yi wa masu wannan sana'a rashin adalci, domin wanda ya yi tunanin gwama alawar auduga da ganyen korar asu ya ƙirƙiri abin da babu shi a dā, kuma abin takaici ne a ce doka tana kare sunan da siffar kwalbar amma ta bar abin da yake cikinta a fili.

Zuriyar Angel ta yi yawa har ta canza ɗanɗanon zamani guda. Lolita Lempicka na 1997, wanda Annick Ménardo ta haɗa, ya bi hanyar da basira, ya sa ɗacin wata saiwa da Turawa suke yin alawa da ita da ɗanyen ganye a madadin duhun faculi. Coco Mademoiselle na 2001 ya ɗauki faculin ya wanke shi ya haɗa shi da wardi da lemo. Flowerbomb na 2005 da La Vie Est Belle na 2012 sun dawo da furanni suka ƙara sukari, shi kansa Cresp yana cikin mutum huɗun da suka haɗa Black Opium na 2014, inda gahawa ta zama mai yanka zaƙin. Daga baya gidajen turare na Dubai suka shiga fagen da kayayyaki masu sauƙin kuɗi, irin su Khamrah na kamfanin Lattafa mai ƙamshin dabino da kirfa, kuma ta wannan ƙofa ce turaren kwaɗayi ya fi cika shagunan Kano da Kaduna da Maraɗi, inda amare da 'yan mata da yawa suke sa jikokin Angel ba tare da sun taɓa shinshina kakan ba.

Abin da yake damuna da yawancin wannan zuriya shi ne sun gaji sukarin sun bar yajin. A yau masana'antu suna iya tace man faculi su cire ɓangarorinsa masu warin ƙasa da kafur, su bar tsabtataccen ƙamshin itace wanda ba ya ɓata wa kowa rai, kuma irin wannan ne ya fi yawa a turarukan da ake gwadawa a kan ɗaruruwan masu saye kafin a fitar da su, inda duk abin da ya sa wani ya yamutsa fuska ake rage shi. Sakamakon shi ne ƙamshi mai daɗi a feshin farko, wanda mutum ba zai iya bambanta shi da na maƙwabciyarsa ba bayan sa'a biyu. Angel an bar shi da kaifinsa duk da an san rabin masu shinshina shi za su ƙi shi, kuma har yau, bayan fiye da shekara 30, haka yake raba mutane. Wanda yake son ya ji bambancin da hancinsa, sai ya fesa shi a gefen mayafi, ya fesa ɗaya daga cikin na baya-bayan nan a ɗaya gefen, ya rataye mayafin ya kwana. Da safe gefe ɗaya zai kasance da ɗan zaƙin banila da ya kusa gushewa, ɗayan kuwa zai tarar da faculin yana nan da duhunsa da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙonannen sukarin yana manne a jikinsa.